Kafin mu kai littafin wasanmu bugu, wane lasisi za mu sa masa?

Laminu Garin Malam
Salamu alaikum jama'ar fada. Jiya bayan isha'i na sa aya ta ƙarshe a littafin. Ya tashi shafi 72: 40 na dokokin wasa da muka juya zuwa Hausa, sauran kuma duniyar da muka gina a kan Damagaram ta zamanin ganuwa da ayarin raƙuma, tare da zanen Dije guda 18. Shekara biyu ke nan muna kan wannan abu a tabarmar ƙofar gidanmu. Mutari ya ce zai buga kwafi 100 in mun kawo rabin kuɗi. Shafi ɗaya ne ya rage fari fat, na biyu, inda ake rubuta wa ya mallaki me, da abin da aka yarda wani ya yi da shi. Ni dai ra'ayina mu sake shi duka a ƙarƙashin Creative Commons, lasisin da ke barin kowa ya kwafi rubutu ya yi amfani da shi, yadda mu ma muka sami dokokin. Amma ba ni kaɗai na yi aikin ba, shi ya sa ban rubuta ko harafi ba. Kowa ya faɗi nasa kafin Asabar.

Balki
Wa alaikumus salam. Yaya Laminu ku yi haƙuri da ni, mako biyu ke nan da aka sa ni cikin gurup ɗin. Wasan ma sau ɗaya na kalla. Mene ne haɗin wasa da lasisi? Na ɗauka lasisi na mota ne da na kanti.

Laminu Garin Malam
Ba laifi ƙanwata. Abin da kika gani ran nan shi ne: mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi, wani madugu, wani maƙeri, wata mai magani. In za ka yi abin da ke iya yiwuwa ko ya ƙi, sai a jefa ƙwaya mai fuska 20. Mu da muka fara ba mu da ƙwayar, marafan kwalba 20 muka rubuta wa lamba muka zuba a ƙwarya, mutum ya rufe ido ya zaro. Dokokin da ke cewa nawa za ka samu kafin ka haura katanga ko ka shawo kan mai gadi, daga Dungeons & Dragons muka ɗauko su, wanda ake taƙaitawa D&D, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Rubutun yana da mai shi. Lasisi shi ne takardar da mai shi ya ce ga abin da na yarda ku yi. Razak ya fi ni iya tsara tarihin.

Razak (daga Yamai)
To bari in ba da shi a jere, don rabin gardamar da za mu yi a nan an riga an yi ta can.

Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, masu wasan na asali, a 1997. Shi kuma Hasbro, babban kamfanin kayan wasan yara, ya sayi Wizards ɗin a 1999. A 2000 suka fitar da lasisin da ake kira OGL. Takarda ce gajeruwa, ba ta kai kalma 900 ba. Ta ce ga ƙashin bayan dokokin wasan a cikin wani kundi mai suna SRD, kowa ya ɗauka ya gina nasa ya sayar, ba sai ya biya ko sisi ba. Ryan Dancey ne ya tsaya kan abin a lokacin. Sama da shekara 20 mutane suka yi ta gina sana'a a kai, daga mai rubutu shi kaɗai a ɗakinsa har kamfanoni masu ma'aikata.

Ran 5 ga Janairun 2023 jaridar intanet ta Gizmodo ta fallasa wani sabon daftari, OGL 1.1, mai kalma sama da 9,000. A ciki an ce tsohon lasisin ya daina aiki. Wanda cinikinsa ya wuce dalar Amurka 50,000 a shekara sai ya riƙa kai musu rahoto. Wanda ya wuce 750,000, wajen miliyan 450 na sefa ke nan a canjin lokacin, zai ba su kashi 25 cikin 100 na abin da ya hau, kuma daga kuɗin da ya shigo ne, ba daga riba ba. Suna iya amfani da abin da ka rubuta ba tare da sun biya ka ba. Suna iya canza sharuɗɗan da sanarwar kwana 30 kawai.

Sani Magarya
Ka tsaya nan Razak. Miliyan 450. Wa ke cikinmu da zai taɓa ganin wannan kuɗi daga littafin wasa? Su da kansu sun ce waɗanda abin zai shafa ba su kai 20 ba a duniya. Ni ba kuɗin ne ya tsaya mini a rai ba, kwana 30 ɗin nan ne. Ina kai kaya Maigatari da Kano, na san abin da ake nufi da mutum ya ce maka farashin jiya ba shi ne na yau ba bayan ka riga ka ɗora kaya a mota. Mutumin da ya yi yunƙurin ƙwace abu sau ɗaya, ni ban ƙara sakin jiki da shi. Shawarata mu zubar da dokokinsu gaba ɗaya mu rubuta namu.

Laminu Garin Malam
Shafi 40, Sani. Wata 14 na yi a kansu.

Sani Magarya
Na sani, Allah ya saka da alheri. Amma gara asarar wata 14 da a wayi gari an ce littafin haramtacce ne.

Malam Isufu Birni
'Ya'yana, na karanta duka. Ni ban san harkar Amurka ba sai abin da Razak ya rubuta, amma rigimar na gane ta sarai, don a gabana aka yi irinta a hanyar Mirya.

Wani dattijo ya ba maƙwabcinsa fako ya ce je ka noma. Ba takarda, sai shaidu biyu. Mutumin ya kai taki shekara da shekaru, ya haƙa rijiya, ya dasa mangwaro, ya bar gawo ya girma. Da dattijon ya rasu sai magada suka zo suka ce ai aro ne. Shi ya ce kyauta ce. Shaidun duk sun riga mu gidan gaskiya. Da fakon yana fako ba wanda ya waiwaye shi, sai da ya zama lambu. To haka na ji labarin nan. Mutane sun ɗauka kyauta aka yi musu, suka zuba ƙarfinsu, da wurin ya yi albarka sai aka ce aro ne.

A addini ma an raba su. Aro daban, kyauta daban, waƙafi daban. Kuma hadisi ya zo a Bukhari da Muslim yana kamanta mai karɓe kyautarsa da kare mai komawa ga amansa. Tambayata gare ka Razak ita ce: takardar da ke hannunmu yau, wace ce cikin ukun?

Razak (daga Yamai)
Baba Malam, Allah ya ƙara girma, misalin nan ya zauna daidai. Har inda rigimar ta tsaya ɗaya ne. Tsohon lasisin ya ce izinin na har abada ne, amma bai rubuta cewa ba a iya janye shi ba. Sannan akwai wata kalma a sashe na 9 da ke maganar lasisin da aka amince da shi. Ta nan lauyoyinsu suka so shiga, su ce to mun janye amincewar. Alhali kamfanin da kansa ya taɓa rubutawa a shafinsa cewa in sun canza lasisi kuma bai yi maka ba, kana iya ci gaba da tsohon. Dancey ma ya fito ya ce ba a yi shi don a janye ba.

Abin da ya biyo baya shi ne mutane suka tashi. Sama da 60,000 suka sa hannu a wasiƙar ƙorafi. Abin da ya fi wasiƙa ciwo, suka riƙa soke rajistarsu ta wata-wata a D&D Beyond, dandalin da Hasbro ya saya dala miliyan 146 a 2022. Ran 13 ga wata kamfanin ya yi magana, ya ce ya jefa ƙwaya ta ba shi 1, wato jifa mafi muni a wasan, amma a cikin takardar ya ce masu ƙorafi sun ci nasara su ma sun ci, abin da ya ƙara hura wutar. Ran 18 Kyle Brink, mai kula da wasan a lokacin, ya ba da haƙuri. Suka kawo wani daftarin, 1.2, suka nemi ra'ayi. Mutum sama da 15,000 suka amsa, kashi 88 suka ce ba za su buga komai a ƙarƙashinsa ba, kashi 89 suka ce ba su yarda a soke tsohon ba. Ran 27 ga Janairu suka sauka: tsohon lasisi ya zauna yadda yake, kuma suka saki SRD 5.1 duka, shafi wajen 400, a ƙarƙashin Creative Commons.

Amsar tambayarka Baba: wannan na ƙarshe ya fi kusa da waƙafi. Ba su suka rubuta lasisin ba, wata ƙungiya ce daban, kuma a cikinsa an rubuta ƙarara cewa ba a janyewa muddin ka cika sharaɗi. Sharaɗin shi ne ka ambaci mai shi, ka nuna lasisin, ka faɗi cewa ka yi canji. Fassara ta halatta, sayarwa ta halatta. Kwafin Faransanci da Laminu ya yi aiki da shi ma su suka fitar da shi a kan wannan lasisin. A Afrilun 2025 suka ƙara sakin SRD 5.2 a kansa. Don haka Sani, ko gobe Hasbro ya canza shugaba, shafi 40 ɗin nan ba mai taɓa su.

Sani Magarya
Na ji. Amma ka lura ba don Allah suka yi ba, aljihu ne ya yi kuka.

Razak (daga Yamai)
Ban ce don Allah suka yi ba. Na ce takardar ta ɗaure su. Abu biyu ne kawai za mu kiyaye: ba za mu sa sunan wasansu ko tambarinsu a bango ba, don lasisin bai ba da wannan ba, kuma dodannin da ba sa cikin kundin ba namu ba ne. Mu da ke da namu dodannin ma ba mu da buƙata.

Dije
Na yi shiru ina karantawa don ina jiran a zo wurin da ya shafe ni, kuma na ga ana neman a wuce shi. Duk maganar da aka yi ta shafi 40 ce. Ni maganata ta shafi 32 ce da zane 18.

Yaya Laminu, ka ce mu saki duka. Ka san ma'anarsa? Ma'anarsa wani a Kano ko Legas ko Faransa ya ɗauki zanen ƙofar gidan Birni da na yi, ya buga a riga ko a bangon littafinsa, ya sayar, ya rubuta sunana da ƙananan haruffa a ƙarshe, shi ke nan ya fita haƙƙina. Kuma ba zan iya janyewa ba har abada, kamar yadda Razak ya gama yabon abin yanzu. Zanen nan kwana 9 na yi a kansa. Sau uku ina zuwa unguwar da safe kafin in tafi jami'a, ina tsayawa gaban gidan mutane ina kwafar adon bango har wata tsohuwa ta fito ta tambaye ni ko lafiya. Rabin inuwar da ke jikinsa da fitilar salula na yi ta, an ɗauke wuta, takardar tana manne mini a hannu don zufa. Ban yi don kuɗi ba. Amma ban yi don wani ya ci kuɗi da shi ina kallo ba.

Laminu Garin Malam
Dije, ban raina aikinki ba, Allah shaida, zanenki ne ma zai sa a ɗauki littafin. Abin da ke damuna shi ne kada a ce rijiya ta bayar guga ya hana. Mun sami dokoki kyauta saboda wasu mutane da ba su san da mu ba sun yi faɗa a kai. In muka rufe namu, yaron da ke Gure ko Tanut da ke son ya rubuta labarin garinsu a cikin duniyarmu sai ya zo neman izini wurinmu. Ashe mun zama abin da muke zagi.

Dije
Ba daidai ba ne ka haɗa ni da su. Rijiyar da kake magana kamfani ne mai biliyoyi, kuma shi ma ba duka ya bayar ba. Ka duba kundin da ka fassara. Akwai zane ko ɗaya a ciki? Babu. Akwai garuruwansu da labaransu? Babu. Kowane rukunin jarumi reshe ɗaya kawai suka saki, sauran suna cikin littafin da ake saye. Sun ba da ƙashi sun riƙe nama. Ni da ba ni da komai sai fensir ake so in ba da ƙashi da nama da fata.

Habu Zango
Dije ta faɗi gaskiya a nan, kuma ba su kaɗai ke yin haka ba. Ni Pathfinder, wani wasa irin wannan na kamfanin Paizo, na fi bi, kun sani. Shi kansa ɗan irin wannan rigima ne: a 2008 da aka fitar da bugu na 4 na D&D da lasisi mai tsauri, Paizo suka tsaya kan tsohon OGL suka fitar da nasu wasan a 2009. Da abin 2023 ya taso, ran 12 ga Janairu suka ce za su kawo sabon lasisi, ORC, wanda ba kamfanin wasa ko ɗaya zai riƙe. Masu buga wasanni sama da 1,500 suka mara musu baya. Paizo sun ce littafin da suka tanada na wata 8 ya ƙare cikin mako biyu. A tsakiyar shekarar lasisin ya fito. To ko shi, abin da ya ce shi ne dokokin wasa a buɗe suke, kuma in ka gina sabuwar doka a kansu dole kai ma ka bar ta a buɗe. Amma zanenka da sunayen mutanenka da labarinka naka ne sai in ka ga dama. Mutanen da suka fi kowa ɗaga murya kan a buɗe ke nan, su ma sun raba.

Mutari Mai Bugu
Ni bari in yi maganar shago. Duk abin da za ku rubuta a shafi na biyu, ranar da kwafi ɗaya ya fita daga hannuna wani zai ɗauki hotonsa shafi-shafi ya tura a WhatsApp. Kullum ana kawo mini littattafan lakwal a yi fotokofi, ba wanda ya taɓa buɗe shafin haƙƙin mallaka ya karanta, ni ma da nake bugawa sai yanzu na san amfaninsa. Kwafi 100 in muka sayar jika biyu-biyu, bayan takarda da tawada da bango abin da zai rage bai taka kara ya karya ba. To a kan me ake wannan dogon zance?

Dije
Yaron da ya yi fotokofi don ya yi wasa da abokansa ba shi ne damuwata ba, Mutari. Shi ina ma murna. Mai kamfani nake magana.

Malam Isufu Birni
Mutari, zancen yana da amfani, bari in ba ka nawa. Lokacin samariya na rubuta wani wasan kwaikwayo kan auren dole, muka yi ta nuna shi a unguwanni. Rubutun hannu ne a kaye guda, na ba wani aro. Bayan shekaru ina zaune ina jin rediyo sai ga wasana, kalma da kalma, har da sunan da na sa wa uwar yarinyar, wanda sunan goggota ne. Aka gama aka karanto sunayen waɗanda suka shirya, ba nawa. Na je gidan rediyon, aka ce in kawo shaida. Kayen ya tafi, ba ni da kwafi. Wallahi ba kuɗi na je nema ba, da sun ce wasan Malam Isufu ne da na dawo gida da farin ciki. Har yau in na tuna sai in ji abu ya tokare ni a ƙirji.

Saboda haka ina tare da Laminu a rabi, ina tare da Dije a rabi. Abin da ya fi zafi shi ne a shafe sunanka. Lasisin da ya tilasta a ambace ka ya riga ya ba ka abin da ni ban samu ba. Amma 'yata Dije ita ta san zafin zanenta, ba mai ba da kyauta da kayan wani.

Malama Zainabu (Mirya)
Salamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, ina da yara 60 da wani abu a aji. Abin da ya kawo ni gurup ɗin nan shi ne na ga yaran da ba sa buɗe baki a darasi suna magana in an ba su mutum su zama shi. Kuma littafin karatu na Hausa da yaro zai ɗauka don daɗi ba don jarrabawa ba, da wuya ka same shi a nan. Roƙona ɗaya ne. Duk abin da kuka yanke, ku rubuta da Hausa mai sauƙi cewa malami na iya yin fotokofi ya raba wa ɗalibai, kuma yana iya sauƙaƙa kalmomin. Kada in tsaya ina tunanin ko na ci haƙƙin wani.

Sani Magarya
Akwai abin da Razak bai faɗa ba a daftarin 1.2 wanda ya shafe mu kai tsaye. Sun sa sharaɗin cewa in suka ga abin da ka rubuta na ƙiyayya ne ko cin mutunci, za su iya janye maka izini, kuma su kaɗai ke da ikon yanke hukuncin, ba ka da damar kai ƙara a kai. Yanzu ku duba littafinmu. Akwai kasuwar bayi a ciki, don Damagaram ta zamanin Sarki Tanimun ba ta rasa ta ba, kuma mun yi shawara mun ce ba za mu ɓoye ba. Akwai zuwan Turawa da kashe Kazamaju, kyaftin ɗin Faransa, a 1898. Wani ma'aikacin Wizards a hedikwatarsu ta Renton a Amurka da bai taɓa jin sunan Zinder ba shi zai karanta fassarar na'ura ya ce wannan ya halatta wannan bai halatta ba? Da wannan daftarin ya wuce, da ni ban sa hannu a littafin nan ba.

Razak (daga Yamai)
Gaskiya ne, kuma Creative Commons ba shi da irin wannan sharaɗi sam. Amma ka juya shi Sani, don wuƙar tana yanka ta kowane gefe. In muka saki duniyarmu a kansa, mu ma ba mu da ikon hana kowa. Wani na iya ɗaukar fadar da muka siffanta ya rubuta abin da zai sa mu kasa haɗa ido da mutanen Birni, kuma sunayenmu na jiki a matsayin tushe. Lasisin ya ba mu damar cewa a cire sunanmu, amma bai ba mu damar cewa a daina ba.

Laminu Garin Malam
Wannan ban yi tunaninsa ba. Mun canza sunayen sarakuna da na gidaje, amma duk ɗan garin nan zai gane inda ake nufi.

Malam Isufu Birni
Ku tuna da wasan kara. Samari su yi shigar sarki da hakimai da gwamna, har shugaban ƙasa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu a gabansu, kowa ya yi dariya a watse lafiya. Ba wanda ya mallaki wasan, ba wanda ya taɓa neman lasisi. Amma yana da ladabi, kuma ladabin ya tsaya ne saboda mai yi da wanda ake kwaikwaya gari ɗaya suke, gobe za su haɗu a masallaci ko wurin jana'iza. Abin da kuka sa a intanet ya bar gari. Wanda zai ɗauka ba zai haɗu da kowa ba.

Sannan Gizo da Ƙoƙi da Dodo da kuka sa a ciki, ba na Laminu ba ne balle ya bayar. Kakanninmu suka bar mana.

Razak (daga Yamai)
Doka ma ta san da wannan, Baba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijar ta 2010 a sunanta ma ta ambaci kayan al'adun gargajiya, haka ita ma yarjejeniyar Bangi ta ƙasashen OAPI, ƙungiyar haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka, ta tanadi kariya gare su. Don haka a shafin za mu rubuta cewa tatsuniyoyin gadon jama'a ne, ba mu ce namu ba ne, ba kuma mu muke ba da izininsu ba. Ina nan Yamai, zan kai kwafi ofishin BNDA, hukumar haƙƙin mallaka ta Nijar, da kaina kafin a fara sayarwa.

Ga abin da nake gani zai ɗauki kowa. Dokokin shafi 40, da sababbin da muka ƙirƙira, irin na ƙishirwa a hanyar Agadas da na ciniki a kasuwa, da jerin kalmomin wasa na Hausa, duk a sake su yadda muka samu, kowa ya yi abin da ya so har sayarwa. Duniyar da labaranta a sa musu nau'in Creative Commons da ya yarda a kwafa a gina a kai amma ban da kasuwanci, kuma wanda ya gina ya bar nasa a buɗe. Wannan ya ɗauki Malama Zainabu da yaron Gure. Bai toshe abin da na faɗa wa Sani ba, sai dai ya rage masu kwaɗayin yi. Zane kuma na Dije ne ita kaɗai.

Habu Zango
Jerin kalmomin nan shi ne dukiyar gaske. Mako uku muka yi muna gardama kafin mu tsaya kan "jifan tsira", sunan ƙwayar da ake jefawa don kauce wa haɗari. In wani a Maraɗi ko Katsina zai fara, kada ya sake wannan wahalar.

Laminu Garin Malam
Na yarda da rabon dokoki da na zane. Na tsakiyar ne bai kwanta mini ba. "Ban da kasuwanci" yana nufin yaron Gure in ya rubuta labari mai kyau a duniyarmu ba zai iya buga kwafi 30 ya sayar ya mayar da kuɗin takardarsa ba sai ya nemo mu. In mun watse fa? In na mutu, Dije ta yi aure ta bar gari, lambar Razak ta canza? Mutanen can da suka yi faɗa a 2023, a kan haƙƙin sayarwa suka yi shi, ba na fotokofi ba.

Dije
To a rubuta a shafin cewa duk wanda zai buga ƙasa da kwafi 200 an ba shi izini tun yanzu, ba sai ya tambaya ba. Razak, ana iya ƙara wannan?

Razak (daga Yamai)
Ana iya. Mai abu yana da ikon ƙara izini a kan lasisi, ragewa ce ba ya iyawa. Zan rubuta shi da Hausa da Faransanci in turo daren Juma'a ku duba.

Dije
Kuma Malama Zainabu, fotokofi na aji da zanena a ciki na yarda, a sa wannan ma. Guda uku daga cikin 18, raƙumin da rijiyar da taswirar ganuwa, zan sake su gaba ɗaya don masu son yin bango. Ƙofar Birni kuwa tana wurina.

Sani Magarya
Ni har yanzu ina kan bakana cewa bugu na biyu mu rubuta dokokinmu daga tushe, ko da zai ɗauki shekara. Ba zan hana wannan fita ba, ga jika biyar tawa ta bugu. Amma a sa maganata a ajandar Asabar.

Laminu Garin Malam
An sa. Adadin 200 ɗin ma ina so mu sake dubawa, ni 500 nake gani. Asabar bayan la'asar a ƙofar gida. Habu ka zo da gawayi da ganyen shayi, sukari na wurina. Baba Malam, zan turo yaro da babur ya ɗauko ka.

Mutari Mai Bugu
Ku dai ba ni shafin kafin Litinin da azahar. Takardar bango guda 100 kawai na ajiye, kuma akwai mai kalandar biki da ke nemanta.